A Kaduna, Magajin Gari Sunan Wuri Ne

Idan ka tsaya a Maraban Rido ka tare mota ka ce Magajin Gari za ka, ba wanda zai tambaye ka ko wane ne shi. Za a bi da kai ta Sabon Tasha, a haye kogi, a sauke ka a cikin gari inda sakatariyar Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa take, ga kotu a gefenta. Sunan ya zauna a bakin mutane a matsayin wuri. Mutumin da za a ce shi ne magajin wannan birni, wanda jama'a suka zaɓa, wanda 'yan sanda ke karɓar umarni daga gare shi, wanda za a iya tsarewa a tambaya in an yi ɓarna, babu shi.

Wannan rashi bai taɓa damuna ba sai a shekarar 2020. A farkon watan Yuni na shekarar, muna kulle a gida muna kallon waya, muka ga yadda mutanen Minneyafolis a Amurka suka sa magajin garinsu, Jacob Frey, a tsakiya bayan kisan George Floyd. Suka yi masa tambaya a kan 'yan sanda, amsarsa ba ta gamshe su ba, suka yi masa ihu har ya fice daga taron. A makon ne kuma aka yi wa Bill de Blasio na Niyok irin wannan ihun. Ba ina cewa ihu yana gyara gari ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mutanen sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa, domin a biranen nan magajin gari ne ke naɗa shugaban 'yan sanda. Mu kuwa a lokacin mun haura kwana saba'in a kulle, an zubar da jini a kudancin kogi, kuma da za a ce mu fito mu yi wa wani ihu, da sai mun tsaya shawarar wanda za mu nufa.

Bari mu tuna yadda abin ya faru, don ƙwaƙwalwa ta fara sakin sa.

Ranar 27 ga Fabrairu 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Nijeriya, wani ɗan Italiya a Legas. Wata guda bayan nan, ranar Alhamis 26 ga Maris, Mataimakiyar Gwamna Dakta Hadiza Sabuwa Balarabe ta sanar da dokar hana fita ta awa 24 a faɗin Jihar Kaduna. Kaduna ta riga Gwamnatin Tarayya, domin sai ranar 30 ga Maris kullen da Shugaba Buhari ya sa wa Legas da Ogun da Abuja ya fara aiki. Aka rufe kasuwanni, aka hana jam'i a masallatai da coci-coci. Juma'ar farko ma ba ta wuce lafiya ba: Kwamishinan Tsaron Cikin Gida, Samuel Aruwan, ya sanar da kama limamai biyu da suka ja sallah a Malali da Unguwar Kanawa. Ranar 28 ga Maris Gwamna Nasir El-Rufa'i ya fito da kansa ya ce ya kamu da cutar, ya killace kansa, ragamar yau da kullum ta koma hannun mataimakiyarsa har zuwa 22 ga Afrilu da ya ce ya warke.

Ya kamata a yi wa gwamnati adalci a nan. Cutar gaskiya ce, kuma a watan Maris ba wanda ya san iyakar ɓarnar da za ta yi. Wanda ke shakka ya tuna Kano a watan Afrilu, lokacin da masu haƙar kabari suka fara kokawa da yawan gawawwaki. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mace-mace 979 a wannan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da korona. Gwamnan da ya ga irin wannan na tafe ya ce a zauna a gida, ba mahaukaci ba ne.

Sai dai zama a gida ba iri ɗaya ba ne ga kowa. Rido da Maraban Rido suna kan hanyar Kachia, a inuwar matatar man da aka buɗe a 1980, a Ƙaramar Hukumar Chikun. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma yau ba ƙabilar da ba za ka samu ba. Akwai ma'aikata masu albashi, amma mafi yawan jama'a hannu baka hannu ƙwarya suke: ɗan acaɓa, mai shayi, lebura, mai faci, matar da ke sarin tumatir da safe ta sayar kafin la'asar, manomin da gonarsa ke bayan gari. Ga irin waɗannan, awa 24 a gida na nufin tukunya ba za ta hau wuta ba. Gwamnati ta buɗe kwana biyu a mako don a sayi abinci, ta mayar da wasu makarantu kasuwannin wucin gadi, ta ware naira miliyan 500 don tallafin abinci, har ta yanki kashi 25 cikin ɗari na albashin manyan ma'aikata. An yi ƙoƙari. Amma kwana biyu na sayen abinci ba sa amfanar wanda sai ya fita kwana bakwai kafin ya sami kuɗin sayen. Haka aka shiga azumi ranar 24 ga Afrilu, aka yi ƙaramar Sallah ranar 24 ga Mayu, duk a kulle, sai ranar 10 ga Yuni aka sassauta, bayan kwana 75.

A tsakiyar Afrilu Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, ƙarƙashin Tony Ojukwu, ta fitar da rahoton da ya zagaya duniya. Ta ce daga 30 ga Maris zuwa 13 ga Afrilu ta karɓi ƙorafi 105 daga jihohi 24. A cikinsu 33 na azabtarwa da cin mutunci ne, 27 na kame da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, 19 na ƙwace kaya, 13 na tatsar kuɗi. Sannan jami'an tsaro sun kashe mutum 18. A daidai lokacin, cutar da ake kulle mutane dominta ta kashe 11 ne a duk faɗin ƙasar. Daga cikin 18 ɗin nan, 12 a Jihar Kaduna suka mutu. Abiya biyu, Delta da Neja da Ebonyi da Katsina ɗaiɗai. Wato kashi biyu cikin uku namu ne.

Hukumar ta ɗora takwas a kan jami'an gidan yari, bakwai a kan 'yan sanda, biyu a kan sojoji, ɗaya a kan kwamitin kulle na Ebonyi. Ranar Talata 31 ga Maris ce aka yi tarzoma a babban gidan yarin Kaduna, a lokacin da fargabar cutar ta cika ɗakunan da dama cunkushe suke. Hukumar gidan ta ce yunƙurin fasa kurkuku ne, ta ce fursunoni huɗu suka mutu. Sai kuma ranar Litinin 6 ga Afrilu a Tirkaniya, nan kudancin kogi. An rufe Kasuwar Monday ta Kakuri, masu ƙaramin ciniki suka koma suka baje kayansu a Tirkaniya, 'yan sa-kai suka zo tarwatsa su, rigima ta kaure, aka kira 'yan sanda, aka yi harbi. Adadin da jaridu suka buga ya kama daga huɗu zuwa shida. Mutane ne da suka fito saye da sayarwa ranar kasuwa.

To, a ce ɗanka ne ya faɗi a Tirkaniya, ko kai ne aka ƙwace wa babur a shingen hanyar Kachia. Ina za ka kai kuka?

Hukuma mafi kusa da kai ita ce ta Kujama, hedikwatar Chikun. Shugaban ƙaramar hukuma zai ce maka, da gaskiyarsa, ba shi ya sa dokar ba, kuma ba shi da ko kurtu ɗaya a ƙarƙashinsa. Ka wuce Gidan Sir Kashim Ibrahim. Gwamna ne ya sa doka, ba musu, amma zai ce bai ce a harbi kowa ba, kuma 'yan sanda na tarayya ne. Ka je wajen Kwamishinan 'Yan Sanda: daga Abuja aka turo shi, ga Sufeto Janar yake amsawa, gobe ana iya mayar da shi Bayelsa. Gidan yarin yana tsakiyar Kaduna, amma a lokacin Ma'aikatar Cikin Gida ta Tarayya ce ke da shi. Mai ba da umarni daban, mai riƙe da bindiga daban, wanda ka jefa wa ƙuri'a a unguwarku kuma ba ya cikin su biyun. Kowa a cikinsu yana da amsar da doka ta tanadar masa, kuma amsar ba ƙarya ba ce.

Wannan tsari ba daga sama ya faɗo ba. An gina shi ne hawa-hawa cikin shekara ɗari, kuma kowane hawa yana da dalilinsa.

Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina shi. Lugard ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da layin dogo, aka taso da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Ba ta da ganuwa, ba ta da fada, ba ta da gidan sarautar da za a ce na masu gari ne. A shekarar 1917 ɗin ne kuma gwamnatin mulkin mallaka ta fitar da dokoki biyu da suka tsara rayuwar birane: dokar garuruwa, da dokar lafiyar jama'a. Ta farko ta kasa garuruwa aji uku. Legas kaɗai ce a ajin farko mai majalisar gari. Kaduna ta faɗa aji na biyu, inda wani Bature ma'aikacin gwamnati ke riƙe da gari, ba zaɓensa aka yi ba, sama yake kai rahoto. Ta biyun ta ba jami'an lafiya ikon shiga gida, da killace mutum, da hana taro. Daga nan duba-gari ya samo ƙarfinsa, wanda kakanninmu ke ɓoye tulu in sun hango shi. A tunanin wancan zamani, lafiyar da za a fara karewa ta Turawa ce, shi ya sa ƙa'ida ta ce a bar fili na yadi 440 ba gini tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa.

Shekara ɗaya da yin waɗannan dokoki annoba ta gwada su. A watan Satumba 1918 murar nan da ta karaɗe duniya, wadda dattawa ke kira marisuwa, ta sauka a Legas ta jirgin ruwa, ta biyo layin dogo zuwa Arewa cikin 'yan makonni. Masana tarihi na ƙiyasta ta kashe kimanin mutum dubu ɗari biyar a Nijeriya, a lokacin da jama'ar ƙasar ba su wuce miliyan 18 ba. Bayan ta kuma annobar ɓeraye ta ɓulla a Legas a 1924, sai aka yi Dokar Killacewa ta 1926.

Ga abin da ya sa na dawo da ku baya haka. Da gwamnatin Kaduna ta tashi kulle mu a Maris 2020, dokokin da ta ambata su ne Dokar Killacewa ta 1926 da Dokar Lafiyar Jama'a ta 1917. Ta 1926 ɗin ma har yanzu tarar da ke cikinta naira 200 ce ko ɗaurin wata shida, kuɗin da bai kai na mota daga Rido zuwa Kasuwar Barci ba. Sashe na 8 nata ya ce in Shugaban Ƙasa bai yi tanadi a kan wata jiha ba, gwamna na iya yi. Dokoki ne da aka rubuta wa talakawan mulkin mallaka, mutanen da ba a tsammanin za su tambayi dalili. Saboda haka sun yi bayani dalla-dalla a kan abin da hukuma za ta iya yi maka, suka yi gum a kan abin da za ka yi in hukuma ta wuce gona da iri. An kafa kotunan tafi-da-gidanka don hukunta wanda ya karya dokar kulle nan take, a bakin titi. Wanda dokar kulle ta karya shi kuwa, sai dai ya bi doguwar hanya, a lokacin da manyan kotunan ma ba sa zama yadda suka saba.

Batun 'yan sanda ya fi wannan sarƙaƙiya, kuma a nan ne nake ganin masu cewa "da can ya fi" suke gaggawa. Da can Arewa tana da 'yan sandan gida. Sarakuna na da dogarai tun kafin zuwan Turawa, a shekarun 1920 kuma aka fitar da 'yan doka daga cikinsu, aka ba su kaki da horo, suna ƙarƙashin En'e. Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya da aka haɗe a 1930 tana gefe guda, ta fi ƙarfi a garuruwan gwamnati irin Kaduna da kan layin dogo. Shugaban 'yan doka shi ne Wakilin Doka, kuma yawanci ɗan gidan sarauta ne. Marigayi Ado Bayero ya riƙe wannan muƙami a Kano daga 1957 zuwa 1962, kafin ya zama jakada sannan sarki. A wancan tsari, in ɗan doka ya zalunce ka, ka san gidan ubangidansa, ka san fadar da za ka je ka faɗi. Ko za a saurare ka wata magana ce, amma ƙofar a bayyane take.

Matsalar ita ce mai ƙofar shi ne mai ɗan dokan, shi ne mai alƙalin, shi ne mai gidan yarin. Duk wanda ya karanta tarihin NEPU, wadda aka kafa a Kano a watan Agusta 1950, ya san yadda aka yi amfani da waɗannan ukun a kan 'yan adawa: a hana ka izinin lacca, ka yi, ɗan doka ya kama ka, alƙali ya ɗaure ka, gandiroban En'e ya karɓe ka. Ƙananan ƙabilu ma sun kai irin wannan kuka gaban Hukumar Willink, wadda ta ba da rahotonta a 1958. Ƙauyukan Gbagyi na wannan yanki a lokacin suna ƙarƙashin En'e ta Zazzau, fadar da za su kai ƙara tana can Zariya. Ita kuwa Kaduna, a 1956 aka yanke ta daga Lardin Zariya aka mai da ita Yankin Babban Birni, aka ɗora mata kantoma wanda gwamnatin Jihar Arewa ke naɗawa. An canza mai naɗi, daga Gwamna Bature zuwa gwamnatin 'yan ƙasa, amma naɗin dai aka ci gaba da yi.

Sojoji ne suka rushe 'yan doka. Bayan juyin mulkin 1966 aka kafa kwamiti ƙarƙashin Yusuf Gobir ya duba 'yan sanda da gidajen yari na En'e, ya ba da shawarar a haɗe su da na tarayya. Gwamnatin Gowon ta aiwatar: gidajen yari suka koma hannun tarayya a 1968, kotunan alƙalai suka fita daga hannun sarakuna suka koma na jihohi, 'yan doka kuma aka tace su aka shigar da waɗanda suka cancanta cikin rundunar ƙasa, aka kammala a farkon shekarun 1970. Mutane da yawa sun yi murna, kuma suna da hujja. Da aka zo gyaran ƙananan hukumomi a 1976, aka ba su kasuwa da tasha da shara da maƙabarta, ba a ba su ɗan sanda ba. An raba talaka da zaluncin na kusa, aka haɗa shi da wanda ba ya iya cimmawa. Tsugune ba ta ƙare ba.

Tsarin Mulkin 1999 ya zo ya kulle maganar. Sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Nijeriya, ba za a kafa wata ba. Sashe na 215 ya ba gwamna damar bai wa kwamishinan 'yan sandan jiharsa umarni a kan tsaron jama'a, amma ya ba kwamishinan damar ya ce a fara kai maganar gaban Shugaban Ƙasa ko ministansa. Sai ƙaramin sashe na biyar, wanda ban cika jin ana ambatonsa ba, alhali a ganina shi ne ƙashin bayan matsalar: ya ce ba kotun da za ta binciki ko an ba da irin wannan umarni, ko kuma mene ne aka umarta. Ku sake karantawa a hankali. In an yi harbi a kasuwa, tambayar farko da mai hankali zai yi ita ce wa ya ce a je, kuma me aka ce a yi in an je. Ita ce tambayar da aka hana alƙali yi. Ka ɗora sashe na 308 a kai, wanda ya hana a gurfanar da gwamna ko mataimakinsa muddin suna kan kujera, ka ga an rufe gaba an rufe baya.

Kada a ɗauka ko'ina a Afirka haka abin ya tafi. A Nairobi, ranar 30 ga Maris 2020, harsashin ɗan sanda ya sami wani yaro ɗan shekara 13, Yassin Moyo, yana tsaye a barandar gidansu lokacin dokar hana fita. Shugaba Uhuru Kenyatta ya fito ya nemi gafara a kan wuce gona da irin 'yan sanda, kuma da yake Kenya na da hukuma mai zaman kanta da ke binciken 'yan sanda, kafin ƙarshen Yuni an gurfanar da wani jami'i da tuhumar kisa. A Afirka ta Kudu, Collins Khosa ya mutu ranar 10 ga Afrilu a unguwar Alexandra bayan sojoji sun shiga gidansa. Iyalinsa suka je kotu, ranar 15 ga Mayu alƙali ya umarci a dakatar da jami'an da ke wurin, a kuma fitar da ƙa'idojin aiki a rubuce ga masu tilasta dokar kulle. Ba aljanna ba ce ko ɗaya a cikinsu, shari'o'in sun yi ta jan ƙafa. Amma ku lura da abu guda: sunan Yassin da na Khosa sun shiga takardun kotu, duniya ta san su. Namu sha biyun a lamba suka tsaya a bakin yawancinmu. Ni kaina da nake wannan rubutu lambar na fi riƙewa, kuma ina jin nauyin hakan.

Afuwar da aka nema a bainar jama'a a Nijeriya a wancan watan ta wani abu ce daban. Da Abba Kyari, Shugaban Ma'aikatan Fadar Shugaban Ƙasa, ya rasu da cutar ranar 17 ga Afrilu, aka yi jana'izarsa washegari a maƙabartar Gudu a Abuja cikin cunkoso, a gaban kyamarori. Jama'a suka yi ca, kwamitin shugaban ƙasa kan korona ƙarƙashin Boss Mustapha ya fito ya ba da haƙuri. Kwana goma sha biyu ke nan bayan Tirkaniya.

Fushin da bai sami ƙofa ba yakan nemi taga. A watan Oktoba zanga-zangar EndSARS ta tashi, Sufeto Janar Mohammed Adamu ya rushe rundunar SARS ranar 11 ga wata, aka yi harbin Lekki ranar 20. Daga nan aka fara fasa rumbunan da aka tara kayan tallafin korona a jihohi daban-daban. Ranar Asabar 24 ga Oktoba abin ya iso Kaduna, aka wawashe rumbu a yankin Barnawa, aka shiga ma'ajiyar hukumar NAFDAC, har gwamnati ta yi gargaɗin cewa magungunan da aka kwasa sun lalace. Nan take aka sa dokar hana fita ta awa 24 a wasu unguwannin Chikun da Kaduna ta Kudu: Barnawa, Kakuri, Television, Narayi, Sabon Tasha, Unguwar Romi da Maraban Rido, kafin a faɗaɗa ta zuwa duk jihar. Ba na kare wawaso. An kwashe kayan 'yan kasuwa da ba ruwansu da tallafi, kuma cikin masu kwasar akwai ɓarayi na asali. Amma wanda ya yi azumi a kulle yana jiran buhun da bai zo ba, ya ga an fito da buhuna daga rumbu wata huɗu bayan an buɗe gari, yana da tambaya ta halal. Hukumomi a faɗin ƙasar sun ce kayan sun iso a makare ne, ana shirin rabo. Mai yiwuwa haka ne. Sai dai ba wani zaure da aka tanada inda mutumin Rido zai zauna a buɗe masa littafin shiga da fita ya gani da idonsa.

Ana cikin zanga-zangar EndSARS Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta umarci jihohi su kafa kwamitocin shari'a don sauraron ƙorafi a kan 'yan sanda, Kaduna ma ta kafa nata. Ku dubi yadda aka juya: jiha ce ke binciken rundunar da ba ta da ikon korar ko mutum ɗaya daga cikinta. Iyakarta ta rubuta shawara ta aika sama.

A 2021 sai ga kalmar magajin gari ta dawo bakin 'yan jarida. Gwamnatin El-Rufa'i ta kafa hukumomin birane uku, na Kaduna da Zariya da Kafanchan. Ta Kaduna ta haɗa Kaduna ta Arewa da ta Kudu da sassan Igabi da Chikun, aka farfaɗo da tsohon sunan 1956, aka ɗora Muhammad Hafiz Bayero a kai. Tunanin yana da ma'ana, domin birni ɗaya ne da ƙananan hukumomi huɗu suka yayyanka, kwata ba ta san iyakar Chikun ba. Amma gwamna ne ya naɗa shi, ga gwamna yake amsawa, kuma ba shi da ɗan sanda. Da Gwamna Uba Sani ya hau a 2023, wanda ya naɗa a kujerar shi ne Samuel Aruwan.

Majalisar Dokokin Jiha, wadda ke zama a Lugard Hall, ita ce tsarin mulki ya ba ikon kiran kowane jami'in jiha ta yi masa tambaya. Ta nuna tana iyawa: a watan Yuni 2024 kwamitinta ya fitar da rahoto a kan mulkin El-Rufa'i, ya yi zargin karkatar da naira biliyan 423. Tsohon gwamnan ya musanta, ya garzaya kotu. Binciken na basussuka ne da kwangiloli, kuma an yi shi ne bayan mutumin ya sauka, bayan ya ɓata da magajinsa.

Yanzu ana ta maganar 'yan sandan jihohi. A Fabrairu 2024 Shugaba Tinubu da gwamnoni suka amince a duba batun, a Disamba kuma Uba Sani ne ya fito bayan taron Majalisar Tattalin Arziki ya shaida wa manema labarai cewa kusan duk jihohi sun goyi baya. Wanda ke zaune a Chikun, inda aka kwashe ɗalibai 121 daga makarantar Bethel Baptist a kan wannan hanya ta Kachia ranar 5 ga Yuli 2021, ba sai an yi masa dogon bayani a kan amfanin jami'in tsaron da ya san daji ya san mutane ba. Ina cikin masu ganin akwai buƙatar. Amma in gyaran ya zo, abin da zan fara nema a cikin daftarin shi ne makomar ƙaramin sashe na biyar ɗin nan na 215. In an kwafe shi yadda yake an miƙa wa gwamna rundunarsa, to mai sa dokar kulle da mai bindigar sun zama mutum ɗaya, kamar zamanin Wakilin Doka, kuma alƙali na nan a hane da tambayar abin da aka umarta.